Ƙarshen Mashi: Abin da Fim Ya Nuna Game da Mishan da Yafiya a Dajin Amazon, da Abin da Ya Tsallake

A shekarar 2025, labarai biyu sun fito daga yanki ɗaya na dajin Amazon, a gabashin ƙasar Ekwado. A watan Maris, Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Nahiyar Amurka ta sanar da hukuncinta cewa gwamnatin Ekwado ta gaza kare Tagaeri da Taromenane, wasu ƙananan al'ummu biyu da suka ƙi cuɗanya da kowa. A watan Mayu kuma Fafaroma Leo na 14 ya amince a ɗora Bishop Alejandro Labaka da Sista Inés Arango a kan matakin da ke kai mutum ga zama waliyyi a cocin Katolika. Mutanen Tagaeri ne suka kashe su biyun da mashi a 1987.

Duk wanda ya san wannan yanki ta hanyar fim ɗin End of the Spear, wato "Ƙarshen Mashi", wanda ya fito a 2006, dole ya ɗan rikice. Fim ɗin, wanda ke ba da labarin 'yan mishan Amurkawa biyar da mutanen ƙabilar Waorani suka kashe a 1956, ya nuna cewa tun ƙarshen shekarun 1950 aka jingine mashi, aka yafe wa juna, makashi da ɗan wanda ya kashe suka zama 'yan gida ɗaya. To daga ina kisan 1987 ya fito, kuma me kotu take nema a dajin da aka ce an yi sulhu?

Su wane ne ake magana a kansu

'Yan asalin wuri, a harshen dokokin duniya, su ne al'ummun da suka riga Turawan mulkin mallaka da gwamnatocin zamani zama a ƙasa, kuma suka riƙe harshensu da al'adarsu. Waorani, ko Waodani kamar yadda fim ya rubuta, suna cikinsu. Suna zaune tsakanin kogin Napo da kogin Curaray, suna farauta, suna ɗan noman rogo da ayaba, kuma masana ba su gano wani harshe da ke da dangantaka da nasu ba. Maƙwabtansu masu jin Kichwa suna kiran su Auca, sunan raini mai nufin mutanen daji, kuma da shi jaridun Amurka suka san su.

Mishan kuwa ba baƙuwar kalma ba ce a ƙasar Hausa, inda aka san ta da makaranta da asibiti kamar na Wusasa. Amma mishan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Katolika, wanda ya daɗe a Kudancin Amurka tun zuwan Sifaniyawa, akwai kuma na masu wa'azin bishara daga Amurka, waɗanda bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa amfani da ƙananan jirage da rediyo don isa ga ƙabilun da wa'azi bai kai gare su ba. Labarin fim ɗin na rukuni na biyu ne.

Sai "masu keɓe kansu da son ransu". Wannan shi ne sunan da doka ke bai wa al'ummu irin su Tagaeri da Taromenane. Tagaeri dangin Waorani ne na jini: sun ɓalle a shekarun 1960 ƙarƙashin wani mutum mai suna Taga, suka nausa cikin daji.

Abin da ya faru a bakin Curaray

Kafin zuwan 'yan mishan, Waorani sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun baƙi. A zamanin cinikin roba, ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, an kama mutanen dajin an bautar da su, an kashe wasu. Kamfanin Shell ya nemi mai a gefen ƙasarsu a shekarun 1940, aka kashe masa ma'aikata, daga baya ya tattara ya tafi. Saboda haka a wurin Waorani, baƙo abin tsoro ne, har sun ɗauka cewa mutanen waje masu cin naman mutane ne.

A ƙarshen 1955, wasu Amurkawa biyar, Jim Elliot, Nate Saint, Ed McCully, Pete Fleming da Roger Youderian, suka ƙulla shirin isa gare su a asirce. Ƙaraminsu yana da shekara 27, babbansu 32. Nate Saint matuƙin jirgi ne, kuma ya ƙirƙiro dabarar zuro bokiti da doguwar igiya yayin da jirgin ke kewaya wuri ɗaya. Ta haka suka yi makonni suna sauke adda da tukwane da tufafi, mutanen ƙasa kuma suna mayar musu da nasu tukuicin, har da aku. Ranar 3 ga Janairun 1956 suka sauka a kan wani yashi a bakin kogin Curaray. Ranar 6 ga wata mutum uku suka ziyarce su, namiji ɗaya mai suna Nenkiwi da mata biyu, aka ci aka sha, har aka ɗauki Nenkiwi yawo a jirgi. Ranar 8 ga wata aka kashe su duka biyar.

Shekaru da yawa bayan haka, waɗanda suka kai harin suka ba da nasu bayanin. Nenkiwi yana neman ƙaramar daga cikin matan biyu, danginta kuma ba sa so. Da aka gamu da su a hanyar komawa su biyu kaɗai, babu babbar matar da ta raka su, sai ya kare kansa da ƙaryar cewa baƙin sun kai musu hari ne suka watse. Wani dattijo mai suna Gikita ya jagoranci ɗaukar mataki. Wato kisan da duniya ta fassara a matsayin ƙin bishara, a cikin gida rigimar aure ce ta haɗu da tsohon tsoron baƙi. Mutanen biyar ba su iya harshen ba sai 'yan kalmomi, ba su da hanyar sanin abin da ake ƙullawa.

Suna da bindigogi. Abin da ya shahara shi ne sun yi alkawarin ba za su harbi kowa ba, kuma a sama suka yi harbi. Amma harsashi ya sami wani matashi mai suna Nampa, wanda ya mutu daga baya, kuma ruwayoyi sun saɓa kan yadda aka yi harbin da kuma ko shi ne ajalinsa.

Mujallar Life ta buga labarin da hotuna a watan da abin ya faru, ya zagaye Amurka. A 1958, 'yar'uwar Nate, Rachel Saint, da matar Jim, Elisabeth Elliot, riƙe da 'yarta mai shekara 3, suka shiga suka zauna tare da dangin da suka yi kisan. Wadda ta buɗe musu hanya ita ce Dayuma, 'yar Waorani da ta gudu daga gida tun tana budurwa saboda kashe-kashe, ta koya wa Rachel harshen, sannan ta koma ta shawo kan danginta.

Yadda fim ya tsara labarin

Jim Hanon ne ya ba da umarni, Mart Green, ɗan gidan masu kantunan Hobby Lobby, ya tsaya wa aikin da kuɗi. Kafin fim ɗin wasan, sun fara yin na zahiri mai suna Beyond the Gates of Splendor, inda matan mamatan da dattawan Waorani suka yi magana da bakinsu. Steve Saint, ɗan Nate, ya ce da farko dattawan ba su so a yi fim ba, sai da suka ji labarin harbe-harben makarantar Columbine na 1999, suka ce idan labarinsu zai taimaki Amurkawa su daina kashe juna, to a yi.

A Panama aka ɗauki fim ɗin wasan, kuma mutanen ƙabilar Embera ne suka fito a matsayin Waorani. Jarumin labarin, Mincayani, an gina shi a kan wani mutum na gaske mai suna Mincaye, amma an haɗa masa da abubuwan da suka faru da wasu. Wannan ba laifi ba ne a sana'ar fim, kowane marubucin labari yana yin haka. Inda ya kamata mai kallo ya lura shi ne ƙololuwar fim ɗin: Mincayani ya kai Steve bakin kogin, ya furta cewa shi ya soki mahaifinsa, ya miƙa masa mashi ya ce ya rama, Steve ya ɗaga mashin cikin fushi, sannan ya fasa. Wannan fitowa ba ta faru haka ba. Masu fim ɗin ne suka dunƙule shekaru kusan arba'in a cikin 'yan mintuna.

Abin da ya faru a zahiri ya fi tafiya a hankali. Saura 'yan makonni Steve ya cika shekara 5 aka kashe mahaifinsa. Yana yaro ya riƙa zuwa hutu wurin gwaggonsa Rachel a cikin daji, mutanen suka koya masa farauta. Yana ɗan shekara 14 aka yi masa baftisma a kogin Curaray, kuma Kimo da Dyuwi, biyu daga cikin maharan, su suka yi masa. Sai bayan rasuwar Rachel a 1994 ya ji cikakken bayanin ranar kisan. A 1995 ya kwashe iyalinsa ya koma cikinsu da zama na wani lokaci, 'ya'yansa suna kiran Mincaye kaka. Sun yi ta yawon wa'azi tare a Amurka, har Mincaye ya rasu a 2020.

Saboda haka yafiyar gaskiya ce, babu mai jayayya a kanta, har masu sukar mishan. Bambancin shi ne a fim yafiya hukunci ce da mutum ɗaya ya yanke a lokaci ɗaya, kuma Ba'amurke ne ya yanke. A tarihi kuwa zaman tare ne ya haife ta, kuma ta bi ta fuska biyu, domin su ma Waorani sun karɓi dangin mutanen da suke tsammanin za su zo ɗaukar fansa.

Wa ya kashe wutar gaba?

A nan ne aka fi samun saɓani. Kowa ya yarda cewa kisan ramuwar gayya ya yi wa Waorani katutu. James Yost, masanin al'adu da ya zauna da su a shekarun 1970, ya bi salsalar iyalai har zuriya biyar, ya tarar fiye da mutuwa 4 cikin 10 kisa ne daga hannun ɗan'uwa Bawaorani, ban da waɗanda baƙi suka harbe. Lokacin da Rachel da Elisabeth suka shiga, duka ƙabilar ba ta wuce mutum 600 ba ko kusa da haka. Kowa kuma ya yarda cewa cikin 'yan shekaru kisan ya ragu ƙwarai.

Masu wa'azin bishara, da Waorani Kiristoci irin su Mincaye, suna cewa saƙon ne ya canza zukata. Suna kafa hujja da cewa maharan sun yi mamakin yadda masu bindiga suka ƙi kare kansu, suka kuma yi mamakin yadda danginsu ba su zo ramuwa ba.

Masana irin su Clayton da Carole Robarchek ba su ƙaryata wannan ba, amma sun mayar da nauyin kan Waorani kansu. A ganinsu mutanen sun daɗe da gajiya da kisan, sun sha ƙoƙarin sulhu yana rushewa, domin babu sarki, babu alƙali, babu wanda zai tsaya a tsakani, kuma wanda ya fara jingine mashi shi ake fara kashewa. Wani nazari da Yost ya yi da James Boster da Catherine Peeke ya ƙara da cewa shiga sabon addinin ya zama wata alama da abokin gaba zai iya gaskatawa: wanda ya ce ya bi wannan hanya, ya sanar da kowa cewa ya bar ramuwa, ba don tsoro ba. Ga kuma abin duniya da zaman lafiya ya kawo, adda da gatari da magani da samun matar aure daga wani dangi. Har ila yau, binciken da Stephen Beckerman ya jagoranta, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa mazan da suka fi yawan kai hari ba su fi sauran barin 'ya'ya masu rai ba, hasali ma sun gaza su. Gabar ba ta amfani ko masu cin ta.

Rukuni na uku, wanda ya haɗa da masana David Stoll da Laura Rival da ɗan jarida Joe Kane, yana tambayar abin da aka biya kafin a samu wannan zaman lafiya. Amsar tana wani wuri da fim ɗin bai daɗe a cikinsa ba.

Tihueno, shan inna da man fetur

Elisabeth Elliot ta bar dajin a 1961 bayan saɓani da Rachel kan yadda ake tafiyar da aikin, kuma a rubuce-rubucenta na baya ta nuna shakku kan yadda ake tallata nasarar mishan. Rachel ta zauna, ƙarƙashin cibiyar nazarin harsuna ta SIL, mai fassara Littafi Mai Tsarki. Gwamnati ta ware wa Waorani wani yanki a Tihueno, inda Rachel take zaune, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙasar Waorani ta gado ba.

A 1967 kamfanin Texaco ya tono mai a arewa maso gabashin Ekwado. Daga 1968 aka shiga kwaso sauran dangogin Waorani ana tara su a Tihueno, ana kiran su ta lasifika daga jirgi da muryar danginsu, kamfanonin mai kuma suna taimakawa da jirage. Kafin tsakiyar shekarun 1970, mafi yawan ƙabilar tana wuri ɗaya. Mutanen da suka saba zama warwatse suka cunkushe, naman daji ya yi ƙaranci, abinci ya gaza. A 1969 cutar shan inna ta ɓarke, ta kashe mutum 16, ta nakasa wasu. Fim ɗin ya nuna annobar, amma a matsayin lokacin da abokan gaba suka yi jinyar juna, ba tare da bayyana abin da ya tara su a wurin ba. A ƙasar da aka bari kuwa, aka shimfiɗa titin da har yau ake kira Via Auca, rijiyoyin mai da baƙin manoma suka biyo shi.

Masu suka suna cewa mishan ya share wa kamfani fili. Masu kare Rachel suna cewa mai zai zo ko da mishan ko babu, kuma da ba a janye mutanen ba, da sojoji da ma'aikata sun ƙarar da su da bindiga. Kathryn Long, masaniyar tarihi wadda ta fito daga cikin da'irar masu bishara, ta nuna a littafinta na 2019 cewa ko a cikin SIL an yi jayayya: Yost ya ba da shawarar a bar mutane su sake warwatsuwa su dogara da kansu, kuma cibiyar ta janye Rachel daga Tihueno a shekarun 1970. A 1981 Shugaba Jaime Roldós ya soke yarjejeniyar SIL da gwamnatin Ekwado. Duk da haka aikin fassara ya ci gaba, Sabon Alkawari ya fito da harshen Waorani a 1992, kuma rubutun da 'yan mishan suka tsara ya zama abin da ake karatu da shi.

Tagaeri su ne waɗanda suka ƙi zuwa Tihueno. Bishop Labaka, ɗan Sifaniya, ya ga masu neman mai sun doshi ƙasarsu, ya ji tsoron za a murƙushe su, sai ya yanke shawarar ya riga kamfani isa. Jirgi mai saukar ungulu ya ajiye shi da Sista Inés, 'yar Kolombiya, ranar 21 ga Yulin 1987. Washegari gawarwakinsu aka tarar.

Sauran fina-finai a taƙaice

Fim ɗin The Mission na 1986, kan limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit da mutanen Guarani na Kudancin Amurka bayan yarjejeniyar raba iyaka da Sifaniya da Portugal suka ƙulla a Madrid a 1750, ya juya al'amarin: ɗan asalin ƙasa ne ya yafe wa Bature mai farautar bayi, ta hanyar yanke igiyar kayan yaƙin da yake ja don tuba. Amma ko a can, Guarani ba su da bakin magana sosai, labarin na Turawa ne. Wani fim na zahiri mai wannan suna, na 2023, ya bi sawun John Allen Chau, matashin Ba'amurke da mutanen tsibirin Sentinel ta Arewa a Indiya suka kashe a Nuwamban 2018, bayan ya karya dokar hana zuwa wurin. Labarin Jim Elliot na cikin abubuwan da suka zaburar da shi. Masunta da suka kai shi kuwa, kama su aka yi.

Inda abin ya shafi talaka

Ga Bawaorani na yau, babbar maganar ita ce ƙasa. A 1990 gwamnati ta ba su takardar mallakar fiye da hekta 600,000, amma ta riƙe abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wato man. Wasu ƙauyuka sun dogara da kamfanoni don aikin yi da magani da makaranta, wasu suna yaƙar su a kotu, kuma wannan ya raba dangi. A Afrilun 2019 Waorani na lardin Pastaza, ƙarƙashin jagorancin Nemonte Nenquimo, sun yi nasara a shari'ar da ta hana gwanjon ƙasarsu ga masu haƙar mai, saboda ba a tuntuɓe su yadda doka ta tanada ba. Ita kanta ta taso ne a ƙauyen da mishan ya yi tasiri.

Mashi ma bai ƙare ba. A 2003 wasu Waorani sun kashe Taromenane da dama, galibi mata da yara, a yankin da masu sarar katako ke kutsawa. A Maris 2013 Taromenane suka kashe wasu tsofaffi biyu, miji da mata, kusa da wani sansanin mai. Danginsu suka bi sawu da bindigogi, suka kashe mutane da yawa, suka ɗauko yara mata biyu. Waɗannan hare-hare, da makomar yaran biyu, suna cikin abin da kotun nahiyar ta duba kafin ta ɗora wa gwamnati laifin sakaci.

Dokoki sun karkata zuwa ga barin masu keɓe kansu su sarara. Burazil ta ɗauki manufar daina neman su tun 1987, kundin tsarin mulkin Ekwado na 2008 ya haramta haƙar ma'adinai a ƙasarsu, dalili kuwa har da lafiya: mura ko ƙyanda da baƙo zai shigo da ita tana iya share dangi guda. Ƙungiyoyin mishan sun rabu a kan wannan. Wasu na ganin umarnin kai bishara ga kowace al'umma ya fi ƙarfin dokar gwamnati, wasu sun koma horar da 'yan ƙasa su yi aikin da kansu. Steve Saint yana cikin na biyun: cibiyar da ya kafa a 1996 tana koya wa 'yan asali aikin haƙori da gwajin ido da tuƙin ƙananan jirage, bisa hujjar cewa mishan ya mayar da Waorani masu jiran a ba su.

Ranar 20 ga Agustan 2023, kusan kashi 59 cikin 100 na masu zaɓe a Ekwado suka amince, a ƙuri'ar raba gardama, a daina haƙar mai a wani sashe na gandun dajin Yasuni da ke maƙwabtaka da Tagaeri da Taromenane. An ba gwamnati shekara ɗaya ta kwashe kayanta. Da wa'adin ya cika a Agustan 2024, rijiya ɗaya aka rufe cikin fiye da 240, gwamnati kuma ta ce aikin zai ɗauki aƙalla shekara biyar, tana kafa hujja da tsadar rufewar da kuɗin shigar da ƙasar za ta rasa.